Suma Ba Mutuwa Ba Ce: Darasi Daga Taminus

Kwanakin baya, da zafi ya fara leƙo mu a Jos, uwargida ta matsa mini da maganar fanka. Masu cewa Jos ba ta san zafi ba, to, su zo a watan Maris ko Afrilu, kafin ruwa ya sauka, su kwana a ɗaki mai rufin kwano su ba da labari. Da na ƙidaya abin da ke aljihuna na ga bai kai kuɗin sabuwa ba, sai na gangara wajen Taminus, inda masu sayar da kayan hannu suke baje kolinsu, na taya wata fanka mai tsayuwa, aka sallama mini. Na ce a gwada, mai kaya ya ce ai an ɗauke wuta, amma ya rantse mini lafiyarta lau. Na biya, na saɓa, na yi gida.

Da dare da aka kawo wuta na kunna ta. Sai ta kama gurnani kamar kyanwa, farfela kuwa ko motsi. Uwargida ta dube ni, ta dubi fanka, ta ce, "Malam, dama an ce araha ba ta ado." Kashegari na koma wajen mai kaya, ya ce shi kaya in ya bar rumfarsa ba ya dawowa. Ina tsaye ina ta cizon yatsa, sai wani dattijo mai gyara da ke zaune a gefe, gabansa cike da tsofaffin rediyoyi, ya yafuto ni. Ya ce, "Malam, kawo ta nan. In ka tura farfelar da yatsa tana tashi?" Na ce ban gwada ba, Baba. Ya jona ta a ɗan janaretonsa, ya zura tsinke ya tunkuɗa farfelar, sai ga ta tana juyawa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba ta mutu ba, suma ta yi." Ya zare waya, ya kwance ƙeyarta, ya cire wani ɗan baƙin akwati da bai fi gidan ashana ba, ya sa wani, ya ɗiga mai a sanda. Duka aikin bai kai minti ashirin ba, kuɗin kuwa bai fi na kwanon tuwo biyu ba. Fankar nan har yau tana aiki.

Maganar dattijon nan ita ce na ga ya kamata mu tattauna a wannan mako, domin na lura da yawa daga cikin kayan da muke jibgewa a bayan ɗaki, ko mu miƙa wa 'yan jari bola a kan kuɗin goro, ciwonsu ƙarami ne, wanda maigida ko uwargida za su iya ganowa da kansu in sun bi abin a hankali. Amma kuma akwai inda hannun mai koyo ya kamata ya tsaya, kuma sanin wannan iyaka shi ma rabin gyara ne.

Bari mu fara da wurin da abin ya faru, don amfanin waɗanda ba su taɓa zuwa Jos ba. Sunan Taminus ya samo asali ne daga ƙaramin jirgin ƙasan nan da Turawa suka shimfiɗa wa hanya daga Zariya don kwasar kuza, wanda ya iso Jos a 1914, aka daina aiki da shi a 1957. A nan hanyarsa ta tsaya, shi ya sa sunan ya bi wurin. Haƙar kuza kuma ita ta sa wannan ƙasa ta san lantarki da wuri, gama tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO mai samar da wuta daga ruwan Kurra don injunan ma'adinai. Saboda haka makanikai da masu gyaran wuta ba baƙi ba ne a garin nan, sana'a ce da aka gada. Daga baya aka gina babbar kasuwar zamani a Taminus, wadda aka fara a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka gama a 1985, har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye ta, 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye. Mutumin Jos ba ya bukatar a gaya masa abin da wuta take iya yi wa dukiya a dare ɗaya.

To, me ya sa muka koma ga kayan hannu? Waɗanda suka manyanta za su tuna cewa a 1980 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja, ƙaramin ma'aikaci yakan shiga kanti ya sayi sabuwar rediyo ko keken ɗinki a cikin kwalinsa. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tada komaɗar tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar Naira, sabon kaya ya fara fin ƙarfin talaka. Daga nan tsofaffin firji da talabijin da dutsen guga na ƙasashen Turai suka riƙa kwararowa ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano, har suka iso kasuwanninmu. Ba abin kunya ba ne sayensu. Sau da yawa ma tsohon kayan ya fi sabon da ake yi yanzu ƙarko, don da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ke akwai shi ne, kayan hannu ba shi da takardar lamuni, lamuninsa idonka ne da hankalinka.

Don haka gyara na fari shi ne wanda ake yi tun kafin a biya kuɗi. Kuskurena shi ne na yarda da cinikin biri a sama. Kada ka sayi abin lantarki sai an kunna shi a gabanka, in babu wuta a nemi janareto, in an ƙi, ka kama hanyarka. Kada kuma ka yarda da gwajin minti ɗaya: bar fanka ta yi gudu a kowace lamba, bar dutsen guga ya yi zafi har fitilarsa ta mutu ta sake kamawa, firji kuwa a bar shi har ka ji sanyi ya fara kama cikinsa. Sansana bayan injin, warin ƙonewar kwayil ba ya ɓuya. Dubi kawunan ƙusoshin da ke riƙe da murfi, in sun sha sukundireba har sun cinye, ka san hannaye da yawa sun riga ka shiga ciki.

Sa'an nan ka juya kayan ka karanta ɗan allon da ke manne a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Wutarmu a Nijeriya 230V ce, daidai da ta Ingila da sauran ƙasashen Turai. Ta Amurka 120V ce, ta Japan kuwa 100V. In ka ga an rubuta 110V ko 120V kaɗai, to, ranar da ka jona shi kai tsaye a bango, ranar zai ƙone, sai fa in ka haɗa shi da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Mutane da yawa sun yi asarar injin markaɗe da na'urar sauti da 'yan'uwa suka aiko musu daga Amurka saboda rashin duba wannan ɗan rubutu.

Yanzu a ce kaya ya zo gida, ya yi aiki kwana biyu, ya tsaya. Dokar da na koya wajen dattijon nan ita ce a fara bincike daga bango a nufo ciki, daga mai araha zuwa mai tsada. Da farko, soket ɗin kansa yana da wuta? Jona fitila ko wani abu da ka tabbata yana aiki ka gani. Na san gidan da aka ɗauki firji a kan amalanke zuwa wajen mai gyara, ashe soket ne ya ƙone. In bango lafiya, sai ka zare fulogi ka buɗe shi. Fulogi mai ƙafa uku irin namu yana da fis a ciki, kuma wayoyinsa uku ne: mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, tana zuwa wajen fis, shuɗiya tana ɗaya ƙafar, mai ratsin kore da rawaya kuwa ita ce ta ƙasa, tana zuwa doguwar ƙafa ta sama. A tsofaffin kaya za ka tarar da ja a madadin ruwan ƙasa, baƙa a madadin shuɗiya. Sau da yawa waya ɗaya ce ta kwance, ɗaure ta kawai za a yi.

In fis ne ya ƙone, ka sa wani mai lamba irin tasa: mai 3A ga ƙananan kaya irin su fitila da rediyo, mai 13A ga masu jan wuta irin su dutsen guga da butar dafa ruwa. A nan ne mutanenmu suke yin gangancin da ya fi kowane. Sai ka ga an naɗe fis da silin waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, a ce an gyara. Fis maigadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin gidanka. Wanda ya maye gurbinsa da waya ya sallami maigadi ke nan ya bar ƙofa a buɗe. In kuwa ka sa sabon fis ya sake ƙonewa nan take, to, akwai wayoyin da ke haɗuwa a ciki, kada ka ƙara sa na uku. Haka nan kayan Turai masu fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, waɗanda muke cusawa a soket da taimakon tsinke ko murfin biro: yanke shi ka sa fulogi mai ƙafa uku, ka huta.

Bayan fulogi sai igiyar wuta. Yawanci tana karyewa ne a ciki, a wuri biyu: gindin fulogi, da inda ta shiga jikin kaya, don nan take yawan lanƙwasa. Alamarta ita ce kaya yana kamawa yana mutuwa in an motsa igiyar. Dutsen guga ya fi kowane kaya wannan ciwo. Maganinsa a yanke wurin da ya lalace a sake ɗaurawa, ko a canja igiyar gaba ɗaya da irin tata mai jure zafi. Ƙulla ta a tsakiya a naɗe da leda ba gyara ba ne, ajiye wa yara tarko ne. Sai an wuce waɗannan duka, da makunni, sa'an nan ake zargin injin.

Kafin ka kwance kowane murfi, ga sharuɗɗa uku. Zare fulogi daga bango, kada ka dogara da kashe makunni, kada kuma ka dogara da cewa an ɗauke wuta, don ba ta sallama in za ta dawo. Ɗauki hoton yadda wayoyi suke da wayarka ta hannu kafin ka cire ko ɗaya. Sa'an nan ka zuba ƙusoshi a cikin faranti, don wadda ta faɗa ƙarƙashin gado ita ce kullum ba a samun irinta. Kayan aikin da kake bukata ba su da yawa: sukundireba mai baki ɗaya da mai kan tauraro, filaya, tasta, salatif na wuta, ɗan buroshi, da kwalbar man keken ɗinki. Wanda ya ƙara da 'yar mitar auna wuta, ya koyi yadda ake gane ko waya ta yanke a ciki, ya yi rabin hanya.

Mu ɗauki fanka. In tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta, ko gudunta ya ragu ƙwarai, abu biyu ake zargi. Zare ta daga wuta ka juya farfela da hannu. In ka ji ta da tauri, ƙurar hunturu ce da busasshen mai suka riƙe sandar, sai a goge a ɗiga man keke a gaba da baya inda sandar take juyawa. Kada a sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su zama danƙo. In kuwa tana juyawa sakayau amma ba ta iya tashi da kanta, to, ɗan akwatin nan ne da masu gyara ke kira kafasita. A jikinsa akwai lamba, misali 1.5 ko 2.5, sai ka cire shi ba tare da ka taɓa bakin wayoyinsa da yatsa ba, ka tafi da shi kasuwa a ba ka mai lamba iri ɗaya. Amma in fanka ta yi tsit, ga kuma warin ƙuna, wannan aikin mai naɗin kwayil ne.

Firji shi ma yana da nasa. In an kawo shi a kwance cikin mota, a tsayar da shi a bar shi sa'o'i da dama kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa. In ba ya sanyi sosai, kafin a ce gas ya ƙare, a gwada robar ƙofa: sa takarda a rufe ƙofar a kanta, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyin ta nan yake zurarewa. A wanke robar da ruwan ɗumi, in ta tsage a canja. A share ƙurar da ke kan wayoyin ƙarfe na bayansa, a kuma janye shi daga bango kamar tafin hannu don ya sha iska. In an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, a dakata minti biyar kafin a mayar da shi. Ƙanƙarar da ta taru kuwa a kashe firji a bar ta ta narke da kanta. Firji nawa wuƙar uwargida ta kashe, an je ɓanɓarar ƙanƙara an huda bututun gas?

Keken ɗinki, irin Singer da Butterfly da iyayenmu mata suke gadar wa 'ya'yansu, ya fi duka sauƙin sha'ani, tun da ba ruwansa da lantarki. In yana tsallake ɗinki, fara da allura: ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye. In zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, galibi zaren sama ne ba a bi da shi daidai ba, sai a zare a sake bi tun daga farko. A buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura a share auduga da ta taru a haƙora da gidan kwarkwaro, a ɗiga mai a ramukan da aka tanada. Keken da aka ce ya mutu shekara biyar, sau da yawa abin da yake nema ke nan.

To, amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma garin neman gira akan rasa ido. Akwai kayan da ban yarda mai koyo ya buɗe ba ko da an zare su daga bango. Na fari shi ne akwatin ɗumama abinci na lantarki da ake kira maikurowef: a cikinsa akwai kafasita mai riƙe wuta wajen 2,000V, tana kuma iya riƙe ta bayan an kashe, ta kashe mutum nan take. Na biyu tsohuwar talabijin mai doro, wadda ƙarfin wutar da ke bayan gilashinta ya haura 20,000V. Na uku bututun gas na firji. Da yawa daga firjin zamani suna aiki da gas mai lamba R600a, za ka ga an rubuta a jikin injin, kuma wannan gas yana kama wuta. Na huɗu tukunyar gas ta girki: in ta yi tsatsa ko ta lotse kada ka saya komai arhar ta, in kana zargin yoyo ka shafa ruwan sabulu ka duba kumfa, kada ka kusanto da ashana. Janareto kuwa, ko gwaji za ka yi bayan ka wanke fulogi, fitar da shi fili, don hayaƙinsa yana ɗauke da guba wadda hanci ba ya ji, ta sha hallaka iyali guda a cikin barci, balle a garin sanyi irin namu da ake toshe kowace kafa. Kuma duk kayan da jikinsa ya taɓa jan ka, ko kaɗan ne, ka ajiye shi sai mai sana'a ya duba.

Kada masu gyara su ce na zo in kashe musu kasuwa. Mutumin da ya duba soket da fis da igiya kafin ya zo, ya kuma iya faɗin abin da kaya yake yi da wanda ba ya yi, ya sauƙaƙa wa mai gyaran kirki aiki, ya kuma toshe wa maha'inci hanya. Wanda ya zo yana cewa "ya lalace kawai" shi ake gaya wa injin ya ƙone alhali waya ce ta kwance.

Wani abin lura shi ne, ƙasashen da suke turo mana tsofaffin kayansu su ma sun fara dawowa kan gyara. A 2009 wata mata mai suna Martine Postma ta buɗe wani zaure a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda mutane ke kawo kayansu da suka lalace a taru a gyara kyauta, abin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka mai tilasta wa kamfanoni su gyara wasu kayan gida, irin su injin wanki, in mai kaya ya nema. Dalili kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62. Abin da su suke kafa wa doka, mu talauci ya daɗe da koya mana shi, sai dai muna neman mu sake shi. Yaranmu sun iya latsa waya tun kafin su iya tsarki, amma saurayi mai shekara ashirin bai iya ɗaura fulogi ba.

Shawarata ga magidanta ita ce, ranar Asabar mai zuwa a fito da abin nan da ke bayan ɗaki ya sha ƙura, a shimfiɗa tabarma, a kira yara maza da mata su zauna su gani. A fara daga bango a nufo ciki. In an gano ciwon, an tsirar da kuɗin da zai sayi kwanon masara. In ba a gano ba, a mayar da kowace ƙusa inda take, a kai wa mai sana'a, ba a yi asarar komai ba. Ni dai tun daga ranar nan ban sake sayen abin lantarki ba a gwada ba, uwargida kuma ta daina yi mini karin maganar araha, sai dai ta ce dutsen guga ya fara wasa, in zo in duba.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.